Dabinona Ya Fi Ni Zumunci

Deira, Dubai

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, jirgi bai jijjiga ki ba, akwatunanki kuma sun fito duka, babu wanda ya zarce wata ƙasa yawon buɗe ido. Allah Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya sa kin shiga ɗakin mijinki da ƙafar dama. Ki gaida Malam Nura, ki gaida iyayensa da kyau. Na cusa takardar a akwatin abayoyi don na san shi za ki fara buɗewa. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa miki ido da ido ba. Bakina na ciniki ne, da ya ga mutum zai yi kuka sai ya fara ragi.

Kin tsare ni ranar da muke ɗaure kaya, kika ce, "Baba, bizarka ta kusa ƙarewa. Kada ka sabunta. Ka rufe ofis ka biyo ni, me ya rage maka a nan?" Na ce miki sai na yi shawara. Kin san babu wanda zan yi shawarar da shi, kika yi mini kara ba ki faɗa ba. Na gode. To ga amsar, amma sai kin yi haƙuri, don ni ban iya miƙa kaya ba sai na warware su an gani.

Da farko bari in yi wa garin nan adalci, don kada ki je kina ɓata shi. Dubai gari ne mai albarka. Wuta ba ta ƙiftawa, famfo ba ya tari, sauro ma sai da biza yake shigowa. Sahara ce, amma an shimfiɗa mata tayil, an rufe ta da gilashi, an kunna mata esi, har mutum ya manta inda yake, sai rani ya zo ya buɗe ƙofar mota ta tuna masa. Ga mutanenta da sanin ya kamata. Maƙwabcinmu na fulat ɗin da ke kallon namu, shekara da shekaru muna haɗuwa a lif, bawan Allahn nan bai taɓa wahalar da ni da tambayar sunana ba. Babu mai faɗo maka gida ba sallama. Mai sallamar ma babu. Abin da ya fi burge ni kuwa, gari ne da ba a tsufa a cikinsa. Ki tuna duk yawonki a Deira, kin taɓa ganin baƙo tsoho yana dogara sanda? Ba za ki gani ba. Da gwiwa ta fara ƙara, sai a buga maka hatimi cikin ladabi da murmushi, a ce ma'assalama, habibi. Ina kika taɓa jin garin da ya raba mutanensa da tsufa haka?

Ni kuwa gwiwata ta fara ƙara, kin ji ta da kunnenki in zan tashi daga sujada.

Kuskurena na farko kalma biyu ce: shekara biyu. Haka na ce wa kakarki, wadda kika ci sunanta, ranar da na yi mata sallama. Shekara biyu in haɗa jari in dawo. Na fara a kasuwar Sabkha ina raka 'yan kasuwar Kano shago shago, ina yi musu tafinta da Larabcin da ni ma a bakin titi na tsince shi. Daga nan na buɗe ɗan ofishin kargo a unguwar Port Saeed, nan Deira, na kawo Ummanki, ke kina goye. Duk lokacin da biza ta ƙare sai in ce wannan ce ta ƙarshe. Shekara biyun nan yanzu ta yi aure, tana Kano tana karanta takardata.

Mutumin da ya sa a ransa gobe zai tafi ba ya sayen labule. Kin dai ga yadda muka zauna. Duk abin kirkin da na saya, ba mu muka more shi ba. In ga gado ɗan Turkiyya mai kyau in saya, in sa a naɗe shi a kwali, sai kwantena. In ga kafet mai laushi, sai kwantena. Farantan nan masu bakin zinare da Ummanki ta yi ta kallo a shagon wani Ba'iraniye har na saya mata, ko miya ba su taɓa gani ba, sai kwantena. Duk suna tafiya gidan da na gina a bayan gari, don ranar komawa. Mu kuwa muna nan a kan katifar da ta lotsa, muna cin tuwo a kwanon roba. Wata rana ina lissafa wa Ummanki abin da ya tafi, ta dube ni ta ce, "Alhaji, saura mu. Mu ne kayan da ka manta ba ka yi lodi ba." Na yi dariya, na ce ta iya magana. Ba ta yi dariya ba.

Zuwana na ƙarshe na sa aka buɗe ɗakin da kayan suke. Kwalin gadon yana tsaye ƙyam kamar jiya aka ajiye shi. Na dafa shi, hannuna ya shige. Gara ta cinye na ciki ta bar mini kwali da hoton gadon a jiki. Ita kaɗai ta kwanta a kansa, kuma da alama ta ji daɗinsa.

Don haka, Mamana, kayan ɗakin da na yi miki, ki yi amfani da su tun yau. Ki cire ledar kujeru. Ki zuba wa mijinki miyar kuka a farantin da ya fi kowanne kyau, ranar Talata, ba baƙo ba biki. In ya fashe ya fashe a hannunki. Kada kuma ki bar akwati ko ɗaya a ɗaure a kan durowa da sunan wata rana. Inda kika kwana nan ne gidanki, ki rataya labule.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsada, kuma a lokacin ɗauka nake dabara ce. Na mayar da zumunci kargo. In aka yi rasuwa a dangi ko a unguwa, ba na wasa. Nan take zan buga waya, in yi ta'aziyya mai kyau, da ayoyi da komai, har a ji muryata tana rawa. Sannan in sa a kai buhun shinkafa da katan ɗin dabino, mai kyau, na Madina, don masu zaman makoki. Kowa ya san dabinon Alhaji Sule. Ina jin daɗi a raina, ina cewa wanda yake zaune a Fagge ma bai yi abin da na yi ba.

Da Yaya Ɗanlami ya rasu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin kaya sun yi yawa a sito, ga 'yan kasuwa sun cika gari saboda azumi ya gabato. Na ce bari in sallami wannan kwantenar. Na buga waya, na aika dabino. Sai bayan Sallah na je. Na shiga gaida Kawu Bala, ƙanin kakanki, na durƙusa ina jero gaisuwa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Sule, ai ba sai ka wahalar da kanka ba. Dabinonka ya zo gaisuwa. Ya zauna da mu har sadakar uku, bai tashi ba sai da ya ƙare. Yaron kirki ne, ka gaishe shi."

'Yan ɗakin suka yi dariya, ni ma na yi. A kasuwa in aka yi maka irin wannan, dariya kake yi ka wuce. Na ɗauka tsokanar tsofaffi ce.

Sai da Kawun da kansa ya rasu na gane ba tsokana ba ce. Wannan karon na ce ba zan aika kowa ba, na hau jirgi. Ban samu jana'iza ba, amma na samu zaman makoki. Kin taso a nan, ba ki san yadda ake yi ba, bari in gaya miki. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarmi. Masu rashi su ne a kan tabarma, a jere, jingine da bango, tun safe har yamma. Masu zuwa gaisuwa su zo su tsuguna, a yi addu'a, a shafa, a ce musu an gode, Allah Ya ba da lada, su tashi su ba wasu wuri. In babban baƙo ne, a jawo masa farar kujerar roba a inuwa.

Na sauka daga mota da farar jallabiyata, ina ƙamshin turaren oud. Kafin in cire takalmi wani saurayi ya taso da gudu ya jawo mini kujera, har da kaɗe ta da hularsa. Ni kuma, Mamana, na zauna. Har na ji daɗi, na ce yaran unguwa suna da tarbiyya. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai saurayin nan, wanda daga baya na ji jikan Kawu ne, ya russuna ya ce, "Alhaji, an gode ƙwarai. Allah Ya ba da lada. Daga ina ake?"

A ƙofar gidan da aka yanke mini cibiya. Ga tagar ɗakin da na yi ƙyanda a ciki tana kallona.

Manyan da suka san ni suna kan tabarma, sun ji. Babu wanda ya ce masa kai, wannan ai ɗan gida ne. Ba mugunta suka yi ba, ba su ga abin gyarawa a maganar ba ne. Wani ma ya ɗaga mini hannu ya ce, "A'a, mutanen Dubai! An gode, an gode." Da aka ce maka an gode a gidan rashi, an sallame ka ke nan. Na tashi na ba wasu wuri.

Ga abin da nake so ki riƙe. In aka yi rashi a dangin mijinki ko a layinku, kada ki aika, kada ki buga waya, ki sa hijabi ki tafi da ƙafarki. In kin shiga kada ki tsaya a falo inda ake ajiye masu ƙamshi. Ki wuce tsakar gida, ki nemi inda ake wanke-wanke ki tsuguna. In suka ce haba amarya, bar shi, kada ki bari. Ki zauna har ki gaji, har a aike ki, har wata tsohuwa ta yi miki faɗa a kan abin da ba ke kika yi ba. Ranar da aka yi miki faɗa a gidan, kin zama 'yar gida. Kuma don Allah ki ajiye Larabcin nan na yalla da khalas a filin jirgi. Kalmar "a Dubai kuwa" kada ta fito daga bakinki ko an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗaurin aure. Sun san an ɗauke, ba sa bukatar mai fassara.

Yanzu za ki ce, to Baba, ai duk wannan dalilin dawowa ne. Ba ki san tsoro ba. Wanda aka jawo wa kujera a gidansu, da wace fuska zai koma ya zauna? A nan aƙalla na san matsayina. Baƙo ne ni, an rubuta a kati, kowa ma baƙo ne, ba mai yi wa wani gori.

Wannan ita ce hujjar Idi, Allah Ya jiƙansa. Kin san shi, Baba Idi na Damagaram mai turare, wanda yake kawo miki cakulan yana ce miki madmazel da Faransancinsa. Kullum bayan La'asar muna zaune a wurin mai shayin karak a Sabkha, ni da shi, a kan benci ɗaya. Shi ya taɓa gwadawa. Ya sayar da shago, ya yi mana sallama har da kuka, ya tafi gida. Ba a rufa shekara ba sai ga shi a kan bencin, ya riga ni zuwa.

Na ce, "Kai Bafaranshe, har an gama cin tsarabar?"

Ya ce, "Monami, bar ni. Sun ce na yi ƙiba, sun ce na yi fari, sun karɓi turare, sai suka koma hirarsu. Hirar kuwa duk ta mutanen da ban sani ba ce. In na sa baki sai a yi shiru a saurare ni da ladabi, kamar rediyo. Wallahi gara nan. A nan in ba a kula ka ba, ka san ba a san ka ba ne."

Na ce, "To in ka tsufa fa?"

Ya ce, "Sule, wa ya gaya maka ana tsufa a nan? Sha shayinka, se fini."

Duk lokacin da na fara tunanin gida, sai in je in ji wannan karatun a bakinsa, in dawo da ƙarfina. Shi ne malamina a fannin zama.

Kin san yadda ta ƙare, lokacin korona. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ranar ta kasance, don na dawo na ce miki an yi lafiya. An yi lafiya ɗin. Komai cikin tsari, ba abin da za ka ce an yi ba daidai ba. Mu 'yan kaɗan aka bari, kowa da takunkumi, kowa nesa da kowa, har ban gane wanda ke gefena ba sai da ya yi magana. Aka sallace shi, aka rufe. Muka tsaya muna kallon juna, don ba ƙofar gidan da za a koma a zauna. Wani ya duba agogo ya ce yana da kaya a sito. Ni ma ina da su. Kafin Azahar ina ofis ina rubuta sunaye a jikin kwali.

Da yamma waya ta yi ta shigowa daga Damagaram, 'yan'uwansa suna yi mini godiya. Ina jin hayaniya a bayansu, mutane suna sallama, ana amsawa, ana jan Fatiha. Can ana zaman makokinsa, cike da mutanen da ya ce ba su san shi ba. Nan inda aka san shi, ni kaɗai ne a kan benci, mai shayi ya miƙo kofi biyu bisa sabo, ya tuna, ya mayar da ɗaya.

Tun ranar nake juya maganar. Ban ce Kano za ta yi mini daɗi ba. Na san zafin da ba esi, na san layin asibiti, na san masu zuwa gaisuwa da buƙata a aljihu. Na san kuma abin da zan bari. Ummanki tana nan, a maƙabartar da muke zuwa ranar Juma'a. Ita da ta fi kowa son tafiya, ita ce ta samu zaman da ba a sabuntawa. Na je wurinta tun kafin ranar tafiyarki ta zo, na tsaya na daɗe. Na san abin da za ta ce, don ta sha faɗa tana da rai. Addu'a kuwa daga ko'ina aka yi ta tana isowa, wannan kaɗai ne aiken da na yarda ba sai mutum ya kai da ƙafarsa ba.

To ga amsarki. Na kira mandub, mai yi mana zirga-zirgar takardu, na ce kada ya sabunta, ba lasin ba biza. Ya ce, "Shuwayya shuwayya, Hajji, bi a hankali, ka yi tunani." Na ce tunanin ne ya kai ni shekarun nan. Zan sallami kayan mutane da ke sito, in miƙa ofis ga wanda zai iya, in taho kafin azumi in Allah Ya yarda.

Amma ɗakin da kika ce kin ware mini a gidanku, ki mayar da shi na ajiye buhu. Ni Sule, in kwana a gidan suruki, in fito da safe da buta muna haɗuwa da Malam Nura a tsakar gida? Shi ya rasa inda zai sa idonsa, ni in rasa inda zan sa nawa? Dubai ta lalata ni, amma ba ta kai nan ba. Gidan bayan gari ma ba zan zauna ba. Katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe, wata Dubai ce ba wuta. A sa haya. Akwai ɗakin da ke jikin zaure a gidanmu na Fagge, na sa a tambayar mini, an ce babu kowa a ciki sai tsofaffin kekuna. Nan zan sauka. Ba zan zo da dabino ba. Duk rashin da aka yi a unguwa, ko na san mamacin ko ban san shi ba, zan je in cire takalmi tun daga nesa, kafin wani mai tarbiyya ya gan ni. In aka ce an gode, in yi kamar ban ji ba. Na yi shekaru ina zaunar da mai saye har ya gaji ya biya, ba na jin wannan zai gagare ni. In kuma ya gagare ni, to, aƙalla ya gagare ni a inda za a samu masu ɗaukar makarata.

Fulat ɗin ya yi girma tun da aka fitar da akwatunanki zuwa falo. Jiya na dafa shayi na zuba a kofin nan naki mai fure da kika hana kowa taɓawa. Ki yafe, na fara bin shawarar kaina.

Allah Ya yi miki albarka, Mamana. Ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, Ya haɗa kanki da mijinki da danginsa, Ya kare ki daga sharrin baki da na ido, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Allah Ya jiƙan Ummanki da Idi da duk waɗanda suka riga mu. Ni kuma ki sa ni a addu'a, Allah Ya kawo ni lafiya, Ya sa in tarar da ku lafiya.

Mahaifinki,
Alhaji Sule

Af, na manta. Tunda kin riga ni isa, ki ɗan bincika mini a wurin tsofaffin gidan mijinki, cikin dabara, kada ki ce ni na aike ki. In mutum ya dawo gida da zama, wata nawa ake ɗauka kafin a daina tambayarsa yaushe zai koma?